Dambun Zalika

Zalika tana sayar da dambu da kopto, wato kwaɗon zogale, a bakin kasuwar Petit Marché tun kafin ta haifi ɗiyarta ta fari. Direbobin taksi ne manyan masu cin abincinta. A cikinsu akwai Mutari, wanda wata rana ya yi baya da mota ya kifar mata da tukunya. Ta zage shi a gaban jama'a, har ta ce sai ya ga abin da za ta yi masa. Washegari ya ba ta haƙuri, ta zuba masa dambu, ya ci ya tafi. Ba a sake ganinsa da rai ba.

Bayan 'yan kwanaki, masu garka ne suka tsinci gawarsa a Goudel, cikin ciyawar bakin kogi. Zafi ya riga ya lalata ta, sai ta rigarsa aka gane shi. Wansa Maman ya tafi komisariya wurin 'yan sanda ya ce Zalika ta sa wa ƙanensa guba. Shaidun zagin suna da yawa. Aka kai ta gidan kaso.

Likitar da ta duba gawar, Iklima, ba ta samu jini ko ciki da za a auna ba. Sai ta tsince tsutsotsin ƙuda da ke cin naman, ta zuba a kwalba, aka aika awo ƙasar waje. Damina ta zo ta wuce Zalika tana tsare.

Da sakamako ya iso, alƙali ya tara su. Iklima ta yi bayani a hankali.

"Tsutsa ta ci jikinsa, don haka abin da ya sha yana cikinta. Ba a samu guba ba, ko ta ɓera ko ta gona. Ƙwayar Tramol aka samu, mai yawan da zai iya tsayar da numfashi."

Maman ya dube ta. "Likita, tsutsa ce za ta ba da shaida a kan ƙanena? Yaron da ba ya barin salla?"

"Malam, ban ce ba ya salla ba. Abin da ke jikinsa na faɗa."

Aka saki Zalika. Ta wanke tukwane, ta koma wurinta, ta dafa dambu kamar da. Direbobi suka riƙa gaishe ta daga cikin mota, suna wucewa wurin wata mai shinkafa. Illo, wani direba da ta san shi ke saya wa Mutari ƙwayar, ya tsaya ya yi mata barka. Ta miƙa masa kwano.

"Na ƙoshi, Yaya," ya ce, bai ko dubi abincin ba.

"Kai ma, Illo? Ai ka san abin da ya kashe shi."

Ya sunkuyar da kai. "Uwarsa na da rai. Me zan je in ce mata?"

Da yamma ta kai dambun masallaci sadaka. Da safe ta tarar da shi a rufe yadda ta ajiye, ya yi tsami.

Yanzu gawayi take sayarwa a ƙofar gidansu a Talladje. Matan unguwa suna gayyatarta suna da biki, kuma tana zuwa. Amma in ta ɗaura zane ta nufi wurin murhu, sai wata ta tare ta da fara'a, ta kama hannunta, ta ce, "Zauna ki huta, Zalika, ai mun isa."