Kukan Motar Baba

Motar Baba ba wata kyakkyawa ba ce, a faɗi gaskiya. Fentinta ya koɗe, ƙofar baya kuwa sai an lallaɓa ta take buɗuwa. Amma duk layin babu wanda bai san kukanta ba. In an tayar da ita, sai ta yi gurnani sau uku, ta ɗan ja numfashi kamar mai shirin tari, sannan ta ci gaba. Ba lalura ba ce. Baba ne ya yi shekaru yana shiga ƙwaƙwalwar motar da kwamfutarsa, yana taɓa yadda take shan mai da lokacin da wuta ke kamawa, har ta koma yadda kunnensa yake so. Ko layi ɗaya bai rubuta a takarda ba. Mutum ne da ya yarda da kansa fiye da kima, Allah ya jiƙansa.

Wata huɗu ke nan da rasuwarsa. Garejin ya koma hannun Auta, 'yarsa ta ƙarshe, wadda ita kaɗai ta gaji sana'ar. Kullum da safe Inna za ta ce, "Auta, tayar da motar nan kar batir ya mutu." Batirin sabo ne fil, su biyun sun sani. Auta takan murɗa makulli, Inna ta zauna a bakin ƙofar kicin da kofin shayi a hannu, ba ta kurɓa sai an kashe injin. Abin da ya rage mata na mijinta ke nan, minti biyar kowace safiya.

Da fitilar gargaɗi ta kama a gaban sitiyari, Auta ta tafi da motar gareji. Ranar aiki ya yi mata yawa. Motoci uku na jira, mai ɗaya daga ciki ya tsaya mata a ka yana duba agogo. Ta soka wayar kwamfuta a soket ɗin ƙarƙashin sitiyari, ta ga ƙaramin abu ne, na'urar auna iska ce ta gaji. Ta canza ta. Sai kwamfutar ta ce akwai sabon tsarin kamfani na wannan ƙwaƙwalwar, a ɗora?

Darasin farko da Baba ya koya mata shi ne, kafin ki rubuta komai a ƙwaƙwalwar mota, ki kwashe abin da ke ciki ki ajiye. Ba ta taɓa tsallake wannan a motar kowa ba. Amma wannan ta gida ce, a tsakanin aiki da aiki take duba ta, mutumin nan kuma yana ta tsaki. Yatsanta ya danna.

Layin da ke nuna ci gaban aikin a kan allo ya kusa rabi lokacin da ta tuna ba ta kwashe aikin Baba ta ajiye ba. Ta kai hannu ga wayar, ta tsaya. Duk mai wannan sana'a ya san in ka zare waya ana cikin rubutu, ƙwaƙwalwar ta mutu murus. Haka ta zauna hannu a kan cinya, tana kallon aikin ubanta yana gogewa kaɗan-kaɗan, har allon ya ce an gama lafiya.

Ta murɗa makulli. Injin ya tashi sumul, kamar na kowace mota.

Mai faci na maƙwabta ya leƙo yana dariya. "Kai, Auta, kin fi tsohon! Yau dai tarin nan ya warke."

Ta kashe injin.

A gida ta ce wa Inna motar sai ta kwana biyu a gareji. Ta tono tsohuwar kwamfutar Baba. Ga fayil na motocin mutane fiye da ɗari uku, kowanne da sunan mai shi da ranar aiki, tsaf. Nasa ne kawai babu. Ashe a nan ma ta gaje shi.

Kwana shida tana nema da kunne. Ta rage mai, ta ƙara, ta matsar da wuta, ta rufe ido ta saurara. In gurnanin ya zo daidai, numfashin ya yi sauri. In ta gyara numfashin, gurnanin ya zama biyu. A rana ta shida ta sami wani kuka da har mai faci ya rantse shi ne na da. Ta so ƙwarai ta yarda da shi.

Washegari da safe ta tayar da motar a tsakar gida, tana kallon Inna ta madubi. Inna ta saurara kanta a sunkuye. Can ta ajiye kofin, ta taso, ta dafa murfin injin.

"Me ya same ta?"

"Inna, ni ce. Na goge aikin Baba. Ban ajiye ba."

"Babu inda ya rage? Ko a kwamfutarsa?"

"Babu, Inna. Na duba ko'ina."

Inna ta gyaɗa kai. Ba ta yi faɗa ba, Auta kuwa da faɗan aka yi mata da ta fi samun sauƙi.

"Kin san ban taɓa son ƙarar nan ba?" in ji Inna. "Shekara goma ina yi masa mita, ina cewa mai gyaran motar mutane ya kasa gyara tasa." Ta ɗauke hannunta daga murfin, ta goge shi a zani.

"Kin yi ƙoƙari, 'yar nan. Kashe ta haka. Wannan motar wani ce."