Ranar da Babu Jirgi

"Ticha, sake dubawa," in ji Tanti Eudine. "A ce duk watan nan babu ko rana ɗaya?"

Na matsa kusa da takardar da ke manne a bangonta, jadawalin jiragen ruwan da ke kawo masu yawon buɗe ido tsibirinmu. Shekara arba'in tana sayar musu da sarƙar kanumfari da gyaɗar ƙamshi a bakin tasha. Tun da idonta ya yi rauni, ni maƙwabciyarta nake karanta mata idan na taso daga makaranta. Yanzu kuma ciwo ya kwantar da ita, ta san ba na tashi ba ne.

"Akwai, Tanti. Talata, sha tara ga wata."

"Kwana nawa ke nan?"

"Sha shida."

Ta yi tsaki. "To, zan lallaɓa."

Unguwarmu a kan tudu take, mota ba ta hawa. Matakala ɗari da talatin ce tsakaninmu da titi, kuma akwatin gawa ba ya sauka sai da maza shida. Mazan namu duk direbobin tasi ne da masu kwalekwale, abin da suka samu a watannin baƙi shi ake ci har shekara ta zagayo. A bana kullum rediyo murna yake, wai ba a taɓa ganin baƙi haka ba. Wanda ya mutu kuwa, sai a ajiye shi a ɗakin sanyi har a sami ranar da babu jirgi. Tanti ta ce ita ko ruwan ƙanƙara ba ta sha, ba mai saka ta a firji kamar kifi. Kuma ba za ta hana kowa neman abincinsa ba.

Da yamma Alwyn direba ya leƙo, yana haki saboda hawa.

"Tsohuwa, har yanzu kina nan? Na zaci kin ba mu wuri."

"Rufe min baki, mai tumbi. Kai za ka riƙe akwatina ta wajen kai. Ka zame da ni, in biyo ka har cikin motar nan taka mai hayaƙi."

"Talata ina nan, Tanti. Har da baƙar kwat."

Haka ta yi ta lallaɓawa da cokali biyu na romon kifi. Kowace safiya jirgi ya busa, sai ta buɗe ido ta ce, "Saura nawa?" In faɗa mata. Ta cika ranar Litinin da hantsi, saura kwana ɗaya cif. Fadan cocinmu ya sa jana'iza washegari ƙarfe goma na safe. Mata suka ɗora tukwane.

Da la'asar rediyo ya sanar cewa igiyar ruwa ta hana wani jirgi tsayawa a tsibirin da ke kusa, ya juyo wajenmu. Gobe ƙarfe takwas, mutum dubu uku.

Alwyn ya tsaya a ƙofata, hula a hannu.

"Ticha..."

"Na ji."

"Yara huɗu gare ni."

"Na sani, Alwyn. Biyu a ajina suke. Je ka gaya wa Fada a dawo da jana'izar ƙarfe shida."

Gari na wayewa suka sauko da ita, a hankali, Alwyn a wajen kai. Bai zame ba. Mutane sun zo, maƙabarta ta cika, sai dai kowa rabin fuskarsa na kallon teku. Fada bai kai ƙarshen addu'a ba jirgi ya busa. Ba wanda ya motsa har aka ce amin. Daga nan maza suka tuɓe kwat, rigunan aiki masu zanen furanni suka bayyana a ƙasa, suka gangara suna share ido. Matan da ke da tebur a tasha suka bi bayansu.

Ni da mai haƙan kabari muka rage. Wata ta rataya sarƙar kanumfari a kan gicciyen katako, iska tana kaɗa ta. Can ƙasa jirgin ya tsaya fari fat, ya fi hasumiyar coci tsawo, mutane suna ta fitowa daga cikinsa.