Tambarin Gwal da Kunnen Kawu Girgis

Hantsi ya ɗaga, ruwan da aka kwana ana yi a Iskandariyya ya ɗauke, sai iskar teku da ke kaɗawa da sanyinta. Midhat mai yankan makulli, wanda ake ce wa Usta saboda gwanintarsa a sana'a, ya nufi gidan shayin da ke bayan kasuwar Attarin, inda masu tara tsofaffin sulalla suke haɗuwa duk Juma'a. Tafiya yake kamar zai tashi sama. Hannunsa ɗaya yana cikin aljihun kwat ya damƙe wani abu, ko kududdufi zai tsallake ba ya saki.

Abin da yake nema kuwa yana hannun Kawu Girgis, tsohon mai gyaran agogo. Shekara da shekaru Midhat yana haɗa jerin kwandalolin azurfa na zamanin sarauta, duk ya samu, saura babbar, mai darajar ƙirshi ashirin a kuɗin ƙasar. Gurbinta a faifan da yake jera su yana nan kamar giɓi a baki. Kawu Girgis yana da ita, amma ba ya sayarwa, sai dai musaya. Ya taɓa riƙe wata 'yar ƙirshi biyar ta Midhat, ta shekarar da ba a buga da yawa ba, ya ce, "Wannan kam, wata rana ma yi magana."

Daga jin haka Midhat ya ce bari ya ƙara mata kwarjini. Ya ba mijin ƙanwarsa mai zuwa Turai, ya kai ta wurin masu auna darajar sulalla. Suka duba, suka ba ta maki mai kyau, suka rufe ta ruf a gidan roba wanda ba ya buɗuwa. Har ƙari ya biya aka liƙa mata tambari na musamman, mai ruwan gwal da hoton dala irin ta fir'aunoni. Jiya ta iso, jiya kuma bai yi barcin kirki ba.

"A'a, Usta Midhat!" in ji Wa'il, dillalin da ke cinikinsa ta waya da mutanen ƙasashen Gulf. "Wannan murmushi haka? Gado ka ci ne ba mu sani ba?"

"Matsa can, Basha, kada hasken ya kashe maka ido," in ji Midhat, yana zolayarsa da laƙabin manya.

Ya ajiye kwandalar a teburin marmara. Nan da nan kawuna suka haɗu a kanta, har mai shayi ya tsaya da tire a hannu. Wa'il ya ɗauka da yatsu biyu ya ɗaga ta wajen taga.

"Na rantse da Allah, tambarin dala! Ba ko da yaushe suke yin irinsa ba. Ina da mutum a Kuwait, wannan takardar kaɗai zai gani ya ce a kawo."

"To ka aika masa takardar, ka bar mana azurfar," in ji wani daga baya, aka kwashe da dariya.

Midhat ya karɓe abinsa, ya miƙa wa Kawu Girgis da hannu biyu. Tsohon ya juya robar, ya shafa gefenta da farce, ya kai ta kunne ya girgiza. Sannan ya sake ta a kan marmara. Ƙwas, kamar murfin kwalba.

"Ɗana, wa ya kai ta kurkuku?"

Sai a lokacin abin ya faɗo wa Midhat. Idon Kawu Girgis ya daɗe da yin rauni. Duk kwandalar da aka kawo masa, gefenta yake bi da farce, ya sake ta a kan teburin nan ya saurari kukanta. Kowa a gidan shayin ya san haka, shi ma ya sani. Ɗoki ne ya mantar da shi.

"Kawu, da na'ura fa suka duba ta. Ga makin nan a rubuce."

"Su suka duba, ba ni ba. Abin da ban ji muryarsa ba, ba ya shiga akwatina." Ya turo ta a hankali. "Kada ka ji haushi. Akwai wani ɗan Alƙahira da zai zo mini ran Lahadi bayan coci da irin taka. Tasa tsirara take."

Wa'il ya jawo kujerarsa kusa, ya rage murya. "Ka ji ni da kyau, Usta. Ka fasa robar nan, ka fasa arzikinka. Ba ni ita yadda take, in ba ka abin da zai saya maka sabon injin yankan makulli, har ka yi wa shago fenti."

"Takarda fa kake saye, Wa'il," in ji mai shayi.

"Takarda nake saye, kuma takarda ake biya! Kai shayinka a kofin gwangwani da a kofin gilashi kuɗinsu ɗaya?"

Gardama ta kaure. Wannan ya ce tambari shaida ne, mai saye daga nesa ba shi da kunnen da zai kai nan. Wancan ya ce makin dai ya yarda da shi, amma ruwan gwal da hoton dala ado ne kawai, kamar a sa wa jaki kwalli. Midhat yana jinsu sama-sama. Injinsa da gaske ya tsufa, in yana aiki har maƙwabta suna toshe kunne.

"Kawu," ya ce a hankali, "ko zan ɗan ga babbar?"

Tsohon ya zaro wani ƙyalle daga aljihun ƙirji, ya warware. Ga ta nan, faffaɗa, ta yi duhun tsufa a gefe. Ya sake ta a kan marmara. Tiiin! Ƙarar ta tashi ta yi ta tafiya, ta ƙi ƙarewa, har masu gardama suka yi tsit.

Midhat ya dubi tasa a cikin robar. Ya laluba aljihun wando ya fito da filaya.

"Kai! Kai, Usta, ka ji tsoron Allah!" Wa'il ya miƙe tsaye. "Ku riƙe shi, jama'a!"

Ba wanda ya riƙe shi. Masu wasan domino ma barin teburinsu suka yi suka zo kallo. Midhat ya naɗe robar a hankici, ya kama kusurwa ɗaya, ya matsa sannu-sannu yadda yake yi wa makullin da ya karye a cikin kwaɗo. Ƙaras! Ya koma ɗaya kusurwar. Ƙaras! Tambarin gwal ya yage biyu, Wa'il ya rufe fuska da hannu. 'Yar kwandalar ta zame ta kwanta a hankicin, fes da ita.

Kawu Girgis ya ɗauka, ya bi gefenta da farce har ya zagayo. Ya karkata kai, ya sake ta. Tiin, siririyar murya, mai tsabta.

"Shi ke nan, ga makin ma ya bi tambarin," in ji Wa'il cikin tafin hannunsa.

Tsohon ya ɗauki kwandalar. Ya sake sakinta, ya saurara har ƙarar ta mutu, fuskarsa ta washe.

"Sannu da fitowa, 'yata," ya ce wa kwandalar. Ya sa yatsa ɗaya ya turo babbar gaban Midhat.

Gidan shayi ya ɗauki tafi da sowa. Midhat ya ɗauke ta, nauyinta ya cika masa tafi, sai dariya yake. Ya kai hannu aljihu sai ya tsaya. Wannan cike yake da makullai da za su karce ta, wancan filaya, hankicin kuma duk ɓaraguzan roba.

"Mutum ya jefa sabon inji a teku da hannunsa," Wa'il yana ta mita. Yana mitar ya buɗe jakarsa, ya zaro 'yar jakar karammiski, ya turo ta kan teburin ba tare da ya dubi kowa ba. Midhat ya zura kwandalar a ciki ya ja zaren, idonsa bai bar kanta ba.