Haƙorin Baba da Jar Mota

Wata uku ke nan abu biyu suka hana Likita sakat: haƙorin mahaifinta da wata jar mota.

Likitar haƙori ce, har a gida ma Likita ake ce mata, da ɗan tsokana a ciki. Ta ga haƙoran masu tauna ƙanƙara da na masu buɗe kwalba da baki, amma ba ta taɓa ganin irin na Baba ba. Wani ɗan rami ne a matauninsa na hagu, sumul kamar an bi shi da zarto. Ta tambaye shi me yake ci, ya ce abinci. Ta ce bari ta cike masa, ya ce ta je ta cike na waɗanda suka yanki kati. Abin ya tsaya mata a rai.

Motar kuwa tsohuwa ce ta tsere, mai kujera biyu, gajeriya har sai mutum ya durƙusa kafin ya shiga. Kullum tana wuce ta a ƙofar wani gida, da takardar sayarwa a gilashi. Tun tana zama kan tsohuwar taya a garejin Baba take son irinta, kuma duk abin da ta tara shi za ta zuba. In injin ya ci amanarta, shi ke nan.

Baba ya yi shekara arba'in yana kanikanci, bara ya ajiye aiki bai faɗa wa kowa dalili ba. Ta so ta kai motar wurin masu na'urar gwajin inji, sai ta tuna yadda zai ji in labari ya kai masa.

"Ki ce wa mai motar ƙarfe goma," in ji Baba. "Mu kuma mu isa takwas."

"Don me, Baba?"

Sai da ya dubi bakinta ta maimaita. "In ya ɗumama ta kafin mu zo, duk ciwon da ke jikinta zai lafa."

Suka tarar da mai motar da silifa da bokiti, makulli a hannu, bai kai ga tayar da ita ba. Ya yi murmushin yaƙe. Baba ya ɗora bayan hannu kan bonet, ya ji sanyi, ya gyaɗa kai. Ya zaro sandar baƙin mai, ya murza man tsakanin yatsu, ya shinshina. Mai motar na bayansa yana ta zuba: an canja fulogi, an wanke lagireto, tayoyi sababbi fil. Baba ko waige bai yi ba. Likita ta ji kunya, a ranta ta ce tsohon nan da jan aji.

"Tayar," in ji Baba.

Motar ta tashi da wani gurnani mai daɗi da ya ratsa Likita har tafin ƙafa. Ita kam ta riga ta saya a zuciyarta.

Baba ya kwance wani tsumma ya fito da doguwar sukudirebarsa mai ƙotar katako da zoben ƙarfe. Likita ta san ta. Tana yarinya, yakan dafa tsinin a jikin inji, ya manna ƙotar a kunne, ya faɗi ciwon mota tun kafin a kwance ƙusa ɗaya. Ta matso don ta sake gani.

Ya dafa tsinin. Amma ƙotar ba kunne ya kai ta ba. Bakinsa ya sa ta, ɓangaren hagu, ya cije zoben, ya rufe ido.

Likita ta tsaya cak. Ga zarton da take nema wata uku! Ta sani tun a makaranta cewa ƙara na bi ta ƙashin muƙamuƙi ko da kunne ya gaza. Sai abubuwa suka yi ta dawo mata: rediyon da ake ƙure wa murya, kallon bakin mai magana, aikin da aka ajiye babu bayani. Tausayi ya kama ta, da haushin kanta, wai ita ce likita a gidan.

Baba ya yi ƙasa da tsinin, ya ɗaga yatsa a taka mai, ya sauke a saki.

"Can ƙasa akwai bugu," ya ce. "Injin nan ba zai kai wata biyu ba. Baƙin mai mai kauri aka zuba masa don ya yi shiru."

"Haba Baba! Ni ban ji komai ba," in ji mai motar.

Ita ma ba ta ji ba. Ta karɓi sukudirebar. Matar da ke yi wa mutane faɗa kan cizon biro ta cije ƙarfe a bakin titi, ko gogewa ba ta yi ba. Cikin gurnanin nan sai ga shi, ƙas, ƙas, ƙas, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa da yatsa ɗaya. Ta dubi mai motar, ya sunkuyar da kai yana wasa da bokiti.

A hanyar gida, idonta na kan titi, ta ce, "Na gode, Baba." Bai ji ba, yana ta kallon gabansa. Ta gangara gefe ta tsaya, ta juyo da fuskarta sosai gabansa.

"Tun yaushe?"

Ya daɗe yana naɗe tsumman. "Shekara huɗu. Uku na ɓoye a gareji, ba wanda ya gane." Ya taɓa kumatunsa na hagu. "Ki bar min shi yadda yake, Likita. Da shi kaɗai nake jin inji."



"Na bar shi," ta ce a hankali, yana kallon bakinta. "Akwai wata shuɗiya da na gani bayan asibitinmu. Zan ce wa mai ita ƙarfe goma."