Ɓerayena da Ƙodar Baffa

In mutanen Birnin Tsaba suka tambayi Gwaggo me nake karantawa a jami'a, sai ta ce musu kashe ɓeraye. Ba ta yi ƙarya ba. A ɗakin bincikenmu muna kiwon fararen ɓeraye, muna ba su abincin da aka cuɗa da wani sinadari mai lalata ƙoda sannu a hankali. Lokaci-lokaci mu ɗauki wasu mu feɗe, mu duba ƙwayoyin gado da ke cikin ƙodar, mu ga waɗanne suka farka, waɗanne suka yi barci. Abin da ya tsaya mini a rai tun farko shi ne, ƙwayoyin da ke sa tabo sukan farka, masu ba ƙodar ƙarfi su kwanta, alhali ɓeran yana ta guje-gujensa kamar ba komai. Alamar farko a waje ita ce yawan shan ruwa da jiƙa shimfiɗa. Kafin jiki ya nuna sosai, ciki ya riga ya yi nisa.

Da na zo hutu bayan girbi, takalmin Baffa na fara gani a ƙofar zaure. An sa reza an tsaga samansa don ƙafa ta shiga.

Baffa shi ne mahaifina, Maccido, ni kuma 'yarsa ta fari. Mu Fulani ne, don haka tun da aka haife ni bai taɓa kiran sunana ba. Yayarsa, Gwaggo, ita ta raine ni, ita ce kuma bakinsa. In yana da magana da ni, sai ya dubi bango ya ce, "Ki hwaɗa ma waccan." Ina yarinya abin yana ƙona mini rai, har na taɓa ɓoye masa sanda da gangan ko zai kira ni ya tambaya. Ya saro wata.

Na zauna na zuba ido. Butarsa ba ta zama da ruwa. Idon sawunsa ya ɓace cikin kumburi, fuskarsa da safe kamar wanda ya kwana yana kuka. Kafin ya fita wajen shanu sai ya kwance ƙullin leda ya watsa ƙwayoyi kala-kala a baki, haɗin maganin gajiya da ake sayarwa a kasuwa. Gwaggo ta ce shekara da shekaru ke nan bai fasa ba. Na san abin da irin waɗannan ƙwayoyi suke yi wa ƙoda. Tsoro ya kama ni, irin wanda ban taɓa ji ba ko a hanyar Zurmi da ake tare motoci.

Na ɗauko 'yar kwalba mai murfi na miƙa wa Gwaggo, na ce ina so a kai fitsarinsa gwaji Kaura Namoda.

Ta ja da baya tana salati. "Ke Nadiya, kanki ɗaya? Hitsarin ubanki? Ke, ɗiyar hwari? Mi kika so mutane su ce?"

"Su ce abin da sunka ga dama, Gwaggo. Ki kai mashi."

Ta kai. Kwalbar ta dawo yadda ta tafi, da saƙon cewa lafiyarsa lau, zafin rana ne. Wato mutum ya yarda ƙafa ta fi ƙarfin takalmi, amma bai yarda ya ce wayyo ba. Na yi fushi ƙwarai.

Sai na bi ta hanyarsu. Bayan la'asar yana zaune a zaure yana gyaran igiya, na shimfiɗa tabarma a bayan danga daidai inda zai ji, na ɗaga murya ina ba Gwaggo labarin ɓerayena. Na gaya mata yadda suke shan ruwa ba ƙoshi. Na gaya mata yadda ƙodar lafiya take ja sumul, ta masu ciwo kuma fari-fari, a ƙanƙance, ta yi tauri kamar busasshen goro. Na ce ba ɓeran da ya taɓa nuna yana jin ciwo, shi ya sa ba ma jiran ya nuna. Gwaggo tana ta harara ta. Can na ji motsin igiya ya tsaya.

Washegari da safe Gwaggo ta shigo ta ce, "Ya ce ki shirya. Shina zuwa da kainai."

Ita ta tsaya saboda awaki. Mu biyu muka shiga mota, shi gaba, ni baya, har Kaura. A ɗakin gwaji wata ma'aikaciya mai suna Bridget ta ɗebi jininsa, ta ba shi kwalba ta nuna masa bayan gida. Ni na fita waje don kada ya ga na gani.

Da sakamako ya fito, Bridget ba ta kira shi ba, ni ta yafito. Tana da fara'a da muka shigo, yanzu babu.

"Kin ce kina aikin ƙoda," in ji ta. "To, duba da kanki. Kada ku koma gida, ku wuce babban asibiti yau."

Na duba. Dattin da ya kamata ƙoda ta tace ya taru a jininsa fiye da yadda na yi tsoro. Na san wannan matakin. Na sha ganinsa a ƙodar ɓerayena a kan faranti, ƙarƙashin fitila, da wuƙa a hannuna.

Na same shi a kan benci ƙarƙashin dogon yaro, ya cire takalman ya ajiye a gefe. Na zauna can ƙarshen bencin kamar yadda aka saba, ina neman ta inda zan fara. Sai na ji ya gyara murya.

"Nadiya."

Na ɗauka wani ne. Duk rayuwata ina so in ji sunan nan a bakinsa, ga shi na ji, jikina ya yi sanyi. Ya juyo ya dube ni sosai, ido cikin ido, idanun nan a kumbure.

"Ɓerayen ga naki," ya ce a hankali. "Waɗanda sunka kai inda ni kai, akwai wanda yat tashi?"

Ban taɓa ganin ko ɗaya ya tashi ba. Na waiwaya ina neman Gwaggo, in faɗa mata ta faɗa masa. Sai na tuna mun baro ta a gida.