Alkukan Sawakin

Izzuddeen ya riƙe hannun mahaifiyarsa suka shige ta tsohuwar ƙofar Sawakin, kangon gari a bakin teku. Mahaifinsa, Malam Abdulmuttalib, yana can gaba da sandarsa, sai ka ce shi ya gina garin.

Daga asibitin Bur Sudan suke. Likita ya ce ƙirjin Iya Sharifa ba zai ɗauki wata damina a ɗakin laka mai yoyo ba, sai dai a gina mata na jan bulo. Tsohon ya ƙi. Kakansa ya baro Sakkwato a ƙafa da niyyar hajji, guzuri ya ƙare masa a gonakin audugar Jazira ta ƙasar Sudan, ya zauna nan. Tun daga nan ba a gini da bulo a gidansu, wai wanda ya yi ginin zama ya ajiye niyya. Malam bai taɓa ganin teku ba sai wannan makon, amma matafiyi yake kiran kansa.

Shi ya nace su sauka daga mota su ga inda mahajjatan zamanin da suke shiga jirgin ruwa. Gidajen farin dutse duk sun zube, kyanwoyi ne kawai ke yawo a ciki.

"Ka gani, ya walad?" in ji Malam ga ɗansa, yana nuni da sanda. "Dutse ma ya faɗi. Mi bulonka za shi yi?"

"Yaba, damina ta kusa. Ka ji tarin Iya."

"Halas. Mu kan hanya muke."

Ran Izzuddeen ya ɓaci.

Iya ta gaji, ta shiga wani ɗaki mara rufi ta zauna bisa dutse. A bangon akwai alkukai a jere, ƙananan ramuka da aka gyara da farar ƙasa. Ta miƙa hannu tana shafa cikin ɗaya.

"Nan matar gidan ka aje finjalan jabanarta na shan gahawa," ta ce. "Ni nawa suna cikin kwali ƙarƙashin gado, bangonmu ko ƙusa ba ya riƙewa."

Ta yi dariya, dariyar ta koma tari. Ba roƙo take ba. Tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa roƙon komai ba.

Malam ya daɗe tsaye a bakin ƙofar yana kallon hannunta a cikin alkukin. Tausayinta ya kama shi, da kunya.

"Izzuddeen."

"Na'am, Yaba."

"In munka koma ka kira magina. Ɗakinta kaɗai. Ka ce su yi mata irin waɗanga a bango."

Iya ta ɗago kai. "Niyyar fa, Malam?"

"Niyyata tana nan. Ni ban da ɗakin bulo."

"To in ruwa ya sauko, ina za ka kwana?"

Ya miƙa wa ɗansa sandar, ya sa hannu biyu ya tashe ta a hankali.

"Matafiyi ai yana sauka gidan mutane," ya ce. "In kin ba ni masauki."