Ucar da Hular Yanyawa

Doka ɗaya ce a filin tseren Kara-Bulak wadda ba a taɓa jayayya a kanta ba: karen da ya sa wa mutum haƙori ba ya komawa gida. Shi ya sa Saginbek maharbi yake zuwa da bindigarsa kowace shekara, ya jingine ta a gwiwa, ya yi ta ɓare 'ya'yan kabewa yana tofar da ɓawon. Bariya ya yi amfani da ita, a kan wani baƙin kare da ya cafki hannun mai sayar da shayi. Mai karen ya yi kuka kamar mace, amma ko mutum ɗaya bai ce an zalunce shi ba.

Toktosun ya san dokar sarai. Tun yana ɗan shekara shida yake fama da ciwon son karnuka, lokacin da ya ɓoye ɗan kwikwiyo cikin rigarsa ya shiga da shi aji, kwikwiyon ya yi fitsari ana tsakiyar darasi. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana gyaran manyan motoci a birnin Bishkek, kuma duk karen da ke kwana a ƙarƙashin motocin tashar ya san ƙarar takunsa. Da ya ajiye aiki sai ya kwashi matarsa Burulkan suka koma tsohon gidan mahaifinsa, can sama da ƙauyen, inda ba maƙwabci sai duwatsu. Ya ce abin da ya rage masa na kwana zai ƙarar da shi ne wajen horar da taigan, karnukan nan masu siririn ƙugu da gashi a kunne kamar an yi musu kitso.

Wani makiyayi ne ya ba shi Ucar kyauta, don taigan ba a sayar da shi. Karya ce ja, mai farin tabo a ƙirji, ƙarshen wutsiyarta a naɗe kamar zobe. Toktosun yakan zauna ya yi ta ƙoƙarin miƙe zoben nan da yatsa, yana saki yana komawa. Yakan ce da Burulkan a nan Allah ya ɗaure gudunta don kada ya zube.

Tseren ba wani abu ba ne mai wuyar ganewa. Mahayi ya ɗaura fatar yanyawa a doguwar igiya, ya sukwani doki yana janta a ƙasa, a saki karnuka, wanda ya riga kamawa shi ya ci. Toktosun yana da fata guda, amma a farkon hunturu ya manta ta a kan katanga, Ucar ta yi kaca-kaca da ita. Hanyar ƙauye kuwa dusar ƙanƙara ta toshe. Ya yi kwana uku yana zagaye gida, rana ta huɗu ya buɗe adakar mahaifinsa Mamirbai ya ciro hular marigayin, babbar hular sanyi mai kewayen gashin yanyawa, wadda asu ya riga ya ci gefenta.

"Baban Gulnur, me za ka yi da wannan?" in ji Burulkan.

"Aro zan yi."

"Hular mahaifinka ce fa. Hular namiji ko a ƙasa ba a ajiyewa, kai kuma za ka ja ta a gindin doki?"

"Tsohuwa, da yana da rai da shi zai miƙo min. Ya fi ni son karnuka."

"Ya fi ka hankali dai."

Haka ya ɗaura ta a igiya. Wata uku cur, kullum da hantsi, yana kan goɗiyarsa yana jan hula, Ucar tana binta. In ta kama sai ta girgiza ta, ya ba ta guntun kitse. Shi farar hular ulu yake sawa rani da hunturu, matarsa kuwa ɗankwali, kuma duk tsawon lokacin babu baƙon da ya hawo gidan.

Ranar tsere takan faɗo ne bayan sanyi ya saki, mutane su fito da fararen hulunansu. Bana sai sanyin ya dawo da asuba, da iska mai yanka kunne. Toktosun bai kawo komai a ransa ba. Ya bar Burulkan a wurin saki, riƙe da igiyar Ucar cikin jerin masu karnuka bakwai, shi kuma ya taka zuwa ƙarshen fili inda masu kare suke jira su kama nasu. Tsakani ya kai taku ɗari biyar.

"Ga bakaniken birni nan!" Saginbek ya ɗaga murya. "Yaya, ka duba wa karyar taka mai kuwa? Kada ta mutu a hanya mu tura."

"Kai dai riƙe wandonka, iskarta za ta wuce ta nan," in ji Toktosun.

Aka yi dariya. Toktosun ya durƙusa ya gai da dattawa, waɗanda aka shimfiɗa wa ulu a bakin layi. A tsakiyarsu, kan 'yar kujera, Dattijo Abdikalik ne alƙalin tsere, mai shekara tamanin da huɗu, sandarsa a tsakanin ƙafafu. Toktosun ya ɗago kai daga gaisuwa sai idonsa ya sauka a kan hular tsohon. Sabuwa ce fil, kewayenta gashin yanyawa ja wur, iska tana kaɗa shi yana kwanciya yana tashi kamar dabbar tana numfashi. Ya dubi dama, ya dubi hagu. Dattawa tara, huluna tara, duk iri ɗaya. Kuma duk a zaune suke, kawunansu daidai tsayin bakin kare.

Sai ya tuna abin da ya gani da safe bai kula ba. Suna shigowa fili wani mahayi ya gifta da irin hular, Ucar ta fizgi igiya har sai da Burulkan ta yi tuntuɓe. Fatar tsere kuwa an wuce da ita ta gaban hancinta, ta shinshina sau ɗaya ta kawar da kai. Wata uku ba fata ya koya mata ba. Abin da ta sani shi ne abu mai kewaye, mai warin yanyawa gauraye da zufar kan mutum.

Ya fita tsakiyar fili ya ɗaga hannu biyu yana kaɗawa.

"Kada ki saka! Burulkan! Riƙe ta!"

Iskar daga can take tahowa, ta mayar masa da maganarsa baki. Can nesa ya hango Burulkan, 'yar mitsitsiya cikin jan ɗankwali, ta ɗaga hannu ɗaya ta kaɗa masa da fara'a.

"Fita daga hanya, Yaya!" in ji Saginbek. "Soyayyar ta bari sai kun koma gida."

Toktosun ya koma bakin layi. Dattijo Abdikalik ya ɗaga tuta ya sauke.

Doki ya taso, fata tana tsalle a bayansa, karnuka bakwai suka zubo. Ba a yi taku ɗari ba Ucar ta fita gaba. Jama'a suka ɗauki ihu. Ucar ba gudu take yi ba, miƙewa take tana naɗewa, cikinta kamar zai shafi ƙasa. Ko a cikin tsoronsa sai da Toktosun ya ji daɗin ganinta. Ya shiga roƙo a zuci: kama fatar, 'yata, fata ce dai, kama ki huta.

Ta cim ma fatar saura taku sittin a kai layi. Ta yi kafaɗa da ita. Ta wuce ta.

Ihu ya yanke. Ucar ta ɗaga kai, kunnuwanta suka koma baya, ta karkata hagu ta miƙo sak inda jan gashi yake rawa a kan Dattijo Abdikalik. Tsohon bai gane ba, yana ta murza ido yana neman inda fatar take. Saginbek ya gane. Toktosun ya ji ƙarar ɗana bindiga a bayansa.

Kira ba zai tsayar da ita ba, ya sani. Tare ta kuma sai dai ta bi ta ƙarƙashin hannunsa. Taku huɗu ne tsakaninsa da kujerar. A kwarin nan an taɓa raba zumuncin gida biyu shekara ashirin don wani ya buge hular wani a wurin biki. Wannan ma ya san shi. Ya yi taku huɗun nan, ya sa hannu a kan dattijo mai shekara tamanin da huɗu a gaban jama'ar ƙauye uku, ya fizge hular, ya wurga ta iya ƙarfinsa cikin fili.

Hular ta tashi tana juyawa. Ucar ta murɗe jiki saura kaɗan ta taka shimfiɗar dattawa, ƙasa ta watsu a kan gemunsu, ta daka tsalle ta cafe ta kafin ta sauka. Ta girgiza ta sau uku. Sannan ta taho da ita tana kaɗa zoben wutsiyarta, ta ajiye a gaban Toktosun, ta zauna tana jiran kitse.

Ya faɗa kanta ya rungume wuyanta, ya juya wa bindiga baya.

Babu mai motsi. Kan Dattijo Abdikalik a buɗe, sanƙo fari tas da wani baƙin tabo a tsakiya mai kama da sawun akuya, wanda ko surukansa ba su taɓa gani ba. Babban ɗansa ya miƙe yana naɗe bulala a hannu.

"Kai! Kan ubana ka taɓa?"

"Zauna," in ji tsohon. Ya dubi Saginbek. "Ta taɓa wani?"

"Kai ta nufa, Baba. Kowa ya gani."

"Ban tambaye ka abin da ta nufa ba. Haƙorinta ya taɓa mutum?"

Saginbek ya tofar da ɓawo. "Bai taɓa ba."

"To sauke wannan abin, kana tsorata mata." Ya juya ga Toktosun. "Kai kuma ɗan Mamirbai, matso. Karya ba ta ƙin fata ta bi hula haka kawai. Da me ka horar da ita?"

Toktosun ya so ya yi ƙarya, bakinsa ya ƙi. "Da hula, Baba."

"Ta wa?"

"Ta mahaifina."

Dattawa suka yi salati. Abdikalik ya dube shi, iska tana busa masa sanƙo.

"Hular nan mai yagaggen kunnen hagu? Tare muka kama yanyawar nan da shi, a bayan dutsen can. Ita ka ja a ƙasa?"

"Wata uku, Baba."

"Wata uku." Tsohon ya sa sanda ya taɓa tasa hular, wadda ta jiƙe da yawu, gashin ya tsage gida biyu. "Karyarka ba ta da laifi, abin da aka koya mata ta yi, kuma ban ga mai gudunta ba tun ina saurayi. Za ta koma gida. Ba za ta sake taka filin nan ba sai ranar da na sa hula na zauna a gabanta ta wuce ni. Ranar Juma'a ka yanka tunkiya a yi wa Mamirbai addu'a, ka wanke hularsa ka mayar inda ka ɗauko. Yanzu kuma kaina yana jin sanyi."

Ya miƙa hannu. Toktosun ya cire farar hularsa da hannu biyu ya ba shi. Tsohon ya kifa ta a kai, ta zurma har gira, ya ɗaga tuta a shirya zagaye na biyu.

Burulkan ta iso tana haki, igiya a hannu. Ta dubi mijinta tsaye ba hula a tsakiyar mutane, 'yan furfurarsa suna tashi, ta dubi karyar.

"Mun ci?"

"Ɗaura mata igiya, tsohuwa. Ki riƙe da kyau, akwai sauran huluna takwas."

Suka bi ta bayan jama'a suka kama hanyar dutse. Kunnuwansa suka fara ƙuna da sanyi tun ba su kai gada ba. Burulkan ta kwance ɗaurin ƙugunta ta miƙa masa ya rufe kai, ya ƙi karɓa. Ya laluba aljihu ya ciro guntun kitsen da ya tanada, ya juya shi a hannu, ya dubi Ucar da ke tafe tana ɗaga masa ido, ya mayar da shi aljihu.